Daga sassarfar Asabar a fadamar Rima zuwa gudun tara kuɗin taimako

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu samari ne a Sakkwato, mu goma sha biyar. Shekara ta huɗu ke nan muna haɗuwa duk Asabar bayan sallar asuba, mu yi gudu ta turbobin fadama daga wajen Kwalkwalawa mu nufi Dundaye mu dawo. Ba kwalta muke bi ba, hanyar manoma ce. Bara ɗayanmu ya kwanta asibiti, muka yi karo-karo a wurin gudun muka biya masa magani. Tun daga nan muke tunanin mayar da abin taron shekara-shekara na tara kuɗin taimako. Wasunmu na cewa a nemi kamfani ya ɗauki nauyi, a gayyaci manya, a sa kyauta mai tsoka. Wasu na cewa hakan zai ɓata mana abin. Yaya irin wannan yake girma a wasu wurare, kuma mu ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya ƙara wa ɗan'uwan naku lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri.

A gardamar da kuke yi, ni ina bayan masu cewa a bi a hankali, aƙalla shekara biyu ko uku na farko. Kamfani da manyan baƙi ba laifi ba ne, amma har yanzu ba ku da igiyar da za ku riƙe abinku idan sun shigo. Na daɗe ina hidimar shirya tsere da horar da masu gudu, kuma abin da na lura da shi shi ne, taron da aka haɗa da kuɗi daga sama yakan mutu ranar da mai kuɗin ya juya baya. Wanda ke ɗorewa shi ne wanda ya tsiro daga mutanen da dama can suna fitowa ba a biya su ko sisi ba. Samari goma sha biyar da ke barin bargo cikin hunturu duk Asabar har shekara huɗu, wannan shi ne jarinku.

Duba yadda manyan suka faro. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai tseren dawaki na mil 100 cikin duwatsu da ake yi tun 1955. A 1974 wani mahayi mai suna Gordy Ainsleigh ya bi hanyar da ƙafa tare da dawakan, ya gama cikin awa 23 da minti 42. Shi kaɗai ne tal. Sai a 1977 aka yi tseren ƙafa na farko a hukumance, wanda yau ake kira Western States. Har gobe adadin masu shiga bai wuce 369 a shekara, saboda wani yanki na hanyar daji ne da doka ta killace. Masu nema dubbai ne, sai an yi ƙuri'a. A Landan kuma, ranar 2 ga Oktoba 2004, Paul Sinton-Hewitt ya tara mutum 13 a filin shaƙatawa na Bushy suka yi gudun kilomita 5, shi yana riƙe da agogo don rauni ya hana shi gudu. Sun haura shekara biyu a wannan wuri ɗaya kafin a buɗe na biyu a 2007. Yau wannan gudun, da ake kira parkrun, ana yinsa duk Asabar a ƙasashe fiye da ashirin, kuma har yanzu kyauta ne.

Wanda ya fi kama da burinku shi ne na gandun namun daji na Lewa a Kenya. Tun 2000 ake yinsa a kan hanyar ƙasa, masu gadin gandun na kore namun daji daga hanya, kuɗin da aka tara kuma na tafiya ga kare dabbobin da makarantu da ƙananan asibitoci da ruwan sha na ƙauyukan da ke kewaye. Sai ka gwama shi da tseren hawan dutsen Obudu a jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005: kimanin kilomita 11, dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya, gwamnatin jiha ce ke ɗaukar nauyi. Ya yi tashe sosai, zakarun Habasha da maƙwabtansu suka riƙa zuwa suna lashewa, bayan wasu shekaru aka daina jin ɗuriyarsa. Kyauta mai tsoka ƙwararru take jawowa daga nesa, su zo su kwashe su tafi, ba ta haifar da masu fitowa ranar Asabar.

To mu dawo gida. Babban abin da ya raba gudun turba da gudun kwalta shi ne, kwalta ta gwamnati ce, turba kuwa tana da masu ita. Wanda zai yi tsere a titin Ahmadu Bello takarda yake buƙata daga 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra. Ku kuwa kowane takunku a gefen abincin wani yake sauka. Yanzu an san fuskokinku, mai ban ruwan albasa yana ɗaga muku hannu. Ka ƙaddara kun kai ɗari da hamsin, yawancinku baƙin ido, kun ɓullo da duku-duku kuna gudu kun doshi gari. A wannan zamani da muke ciki, kafin wani dattijo ya buɗe baki ya ce "Lahiya? Mi af faru?" mata sun suri 'ya'yansu, wani ya riga ya buga waya cewa an shigo. Wannan ba abin dariya ba ne a Sakkwaton yau. Don haka kafin ku buga fosta ko guda, ku ɗauki goro ku je gaban uban ƙasa, daga nan ku bi hakiman garuruwan da za ku ratsa ɗaya bayan ɗaya. Ku roƙi limamai su sanar ranar Juma'ar da ke gaban taron. Da ɗan gari akan ci gari.

Turbar fadama faɗin mutum ɗaya ce, wani wurin ma a kan kunya ake tafiya tsakanin fangali da fangali. Mai gudu idan na gabansa ya rage sauri ba ya jira, ratsewa yake yi, kuma ratsen nan cikin albasar mutane ne. Mutum biyar su ratse, ba komai. Mutum hamsin su ratse a wuri ɗaya, fangali biyu sun tashi aiki, kuma manomin ba zai taɓa mantawa ba ko da rijiya kuka haƙa masa. Ga tiyon ban ruwa da aka shimfiɗa ya gitta hanya, ga jaki da mangala, ga makiyayi zai ratsa da shanu zuwa mashaya daidai lokacin da kuke tafe. Abin da ya sa na kawo maka 369 na Amurkawa ke nan: hanya ce ke yanke yawan mutane, ba yawan masu sha'awa ba. A shekarar farko kada ku wuce sittin zuwa tamanin. Ku sake su goma-goma da tazarar minti biyu, kuma kilomitar farko ta zama a kan faffaɗar hanya ko fako, yadda kowa zai sami sahunsa kafin a shiga matsatsi.

Alamar hanya kuma, duk ƙyallen da kuka ɗaura a reshe da yamma, kafin gari ya waye yara sun kwance shi. Ku zuba toka ko farar ƙasa a ƙasa da sassafe, sannan a kowace mararraba ku tsayar da saurayi ɗan garin, ku biya shi ladan aikinsa. Ya fi ku sanin wurin, kuma daga ranar shi ma taron nasa ne. Ledar ruwa kuwa a tsince ta tas kafin a watse. Akuya ko saniya ta haɗiye ta, tana iya kashe ta, kuma dabba ɗaya da ta mutu da sunan gudunku ta isa ta rufe muku hanyar.

Daga nan sai maganar wa za a taimaka. Shawarata, a shekarar farko duk abin da kuka tara ku kashe shi a bakin turbar nan. Ku tambayi hakimi da mutanensa, ba za a rasa famfon tuƙa-tuƙa da ya daɗe a lalace ba, ko rufin ajin firamare da iska ta yaye. Ku zaɓi abu ɗaya wanda ke da farashi sananne, wanda za a iya gamawa cikin wata guda. Amfaninsa biyu ne. Masu gonar da kuke takawa sun ga ribar haƙurinsu, sannan wanda ya ba da dubu ɗaya, baɗi zai wuce da gudu ta gaban famfon ya ga yara na ɗibar ruwa. Gani ya kori ji. Ku guji take irin na "tallafa wa marayu da marasa galihu". Yana da daɗin ji a lasifika, amma ba shi da iyaka, ba a sanin ranar da aka cika alkawari, kuma nan da nan kowa zai kawo muku sunan ɗan ƙanwarsa.

Idan kun yi ƙarfi, garin nan ba ya rasa inda za a kai. Asibitin yara masu cutar noma, mai cin dasashi da kunci, yana nan Sakkwato tun 1999. Cutar ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, kuma idan ba a yi magani ba kusan tara cikin goma ba sa tashi, alhali in an gano ta da wuri tana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. Taro irin naku, mai ratsa ƙauyuka, ko saƙon "ku duba bakin yaranku" kaɗai ya isar ya yi aiki. Amma ku je ku tambayi masu asibitin abin da suke buƙata, kada ku yanke musu daga gida. Kuma don Allah ban da jera marasa lafiya ko marayu a ɗauke su hoto da ambulan a hannu don a sa a Facebook. Alƙur'ani ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma kyamara ma tana gori.

Yanzu ga inda abota ke lalacewa, wato kuɗi. Tukunya biyu za ku ɗora, kada ludayin wannan ya shiga waccan: ɗaya ta hidimar taro, ɗaya ta sadaka. Kuɗin rajista na tukunyar hidima ne, da shi za a sayi ruwa, man babura, magunguna, lambobin ƙirji, ladan masu tsayuwa a mararraba. Ku faɗa wa mutane haka ƙarara tun a fom. Mutane da yawa na zaton kuɗin rajista ne ke tara sadakar, to yi lissafi da kanka. A ce mutum 80 sun biya naira 3,000 kowanne, an sami 240,000. Hidima ta cinye fiye da rabi. Idan kuka ce sai kun buga wa kowa riga, to ragowar ma ta tafi, har ku ci bashi. Amma a ce kowane ɗaya cikin 80 ɗin ya ɗauki kati ya zaga danginsa da abokan aikinsa da 'yan majalisarsu, ya sami mutum goma da suka ba da 1,000 kowanne saboda shi zai yi gudun, an tashi da 800,000, kuma ba a taɓa ko kwabo don hidima ba. Da irin wannan dabara gudun fanfalaki na Landan, wanda aka fara a 1981, ya haura fam biliyan ɗaya na taimako zuwa 2019: masu gudun ne ke bin mutanensu, kowa da ƙungiyar agajin da yake yi wa. Kowane kati ya zama da lamba, a rubuta wanda ya ɗauka, ya dawo da shi ko da babu komai a kai. Wanda zai yi taransifa ya tura kai tsaye asusun sadaka, ba ta wayar mai katin ba.

Asusun kada ya zama na mutum ɗaya, komai gaskiyarsa. Ba zarginsa ake yi ba, kare shi ake yi. Mutum uku su sa hannu, kuɗi ba ya fita sai da biyu, kuma ɗaya daga cikinsu ya zama dattijo wanda ba ya gudu tare da ku, irin wanda in ya ce kuɗin nan kaza ne, magana ta ƙare. Cikin sati biyu bayan taro ku fitar da lissafi a shafi ɗaya: abin da ya shigo, abin da ya fita, da hoton rasit. Ku tura a zauren WhatsApp, ku liƙa kwafi a ƙofar hakimi. Wannan takarda ta fi kowace talla, ita ce za ta ninka muku masu bayarwa a shekara ta biyu.

Akwai tarkon da kusan kowa ke faɗawa, shi ne alkawarin bainar jama'a. An kafa rumfa, an jera kujeru, sanƙira ya ɗauki lasifika: Alhaji wane ya ba da dubu ɗari biyar, aka yi tafi raf-raf. Wata uku kana sintiri ƙofar gidansa, mai gadi na ce maka ya yi tafiya. Jama'a kuwa sun riga sun haɗa lissafi a kansu, idan kuka zo da abin da ya shigo na haƙiƙa sai a ce kun ci. Kada ku sanar da kuɗin da alat ɗinsa bai shigo ba. Masu ɗaukar nauyi kuma, ku fara da na kusa, kuma ku nemi kaya maimakon kuɗi: mai gidan ruwa ya ba da jaka kaza, mai kemis ya ba da bandeji da ruwan gishiri da sukari, mai gidan burodi ya ba da na karin kumallo. Kaya sun fi sauƙin lissafi, kuma ba sa zuwa da sharaɗi mai nauyi. Ɗan siyasa in ya ba da sadaka a karɓa a yi masa godiya kamar kowa, amma hotonsa kada ya hau riga ko allo. Ranar da ya hau, rabin masu gudunku sun zama 'yan adawa.

Batun kyauta yana da fuskar addini da bai kamata ku tsallake ba, balle a garin Shehu. Tseren ƙafa kansa ba shi da matsala. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata, Abu Dawuda ya ruwaito. Inda gizo ke saƙa shi ne a tara kuɗi daga masu tsere sannan wanda ya ci ya kwashe, wannan siffar caca ce. Littattafan Malikiyya ma sun taƙaita tseren da ake sa wa lada ga dawaki da raƙuma da harbi, sauran a yi su kyauta, ko da yake akwai malaman zamani da suka halatta idan kyautar daga wani na gefe ta fito. Ku zauna da malaminku kafin ku buga komai. Ni dai a ganina ku huta da kyautar kuɗi gaba ɗaya. Ku sa dukawa su yanka muku 'yar lamba ta jan fata, a buga shekara a jiki, duk wanda ya gama a rataya masa, na farko da na ƙarshe. Mun yi suna da fata a ƙasar nan, ban ga dalilin yin odar ƙarfe daga Sin ba. Haka nan ku rubuta cewa sadaka kuke karɓa. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma a wurin jumhurun malamai gyaran famfo ko rufin aji ba ya ciki. Mai son fitar da zakka ku nuna masa Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha.

Sai rayukan mutane, wanda ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Ku goma sha biyar kun san jikinku. Taron taimako kuwa yana jawo wanda rabonsa da gudu tun yana sakandare, ya zo saboda lada da kunyar abokai. Shi ne abin tsoro. Ku yi zango biyu, kilomita 5 da 10, kada ku wuce haka yanzu. Fom ya tambayi hawan jini, ciwon zuciya, asma, sikila, da lambar wani ɗan'uwa, kuma wanda bai kai shekara 18 ba sai da sa hannun mahaifi. Lokaci kuwa Disamba ne ko Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na haura digiri 40, wanda ya sa tsere a lokacin ya nemi fitina. Da damina fadamar ruwa ne, kuma kowa ya tuna ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a. Kogin Rima yakan sauya fasalin wurin duk shekara, don haka bayan ruwa ya janye sai kun sake taka hanyar da ƙafa, kada ku dogara da ta bara. Ku lura kuma azumi yana matsowa cikin hunturu da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara: bisa lissafi a 2027 farkon Fabrairu zai kama, a 2028 ƙarshen Janairu. Disamba ta fi muku kwanciyar hankali na wasu shekaru.

A wannan lokaci rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe bakwai. Ku tashi da zarar ido na ganin ƙasa, ku gama kafin tara da rabi. Kuma nan ne babban baƙo ke kashe taro: an ce bakwai, ya iso goma, mutane na tsaye cikin rana da lamba a ƙirji. In dai sai kun gayyaci wani babba, ku gayyace shi wurin rufewa. Ranar da ƙura ta yi kauri har ba a hango bishiyar da ke gaba, masu asma su haƙura.

A watan Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka shiga tseren daji na kilomita 100. Yanayi ya juya da iska da ƙanƙara, 21 suka mutu, cikinsu har da zakaru. Wurin da abin ya fi muni mota ba ta isa, kuma wani makiyayi ne ya ceci mutum shida a kogon da yake fakewa. Namu haɗarin zafi ne ba sanyi ba, amma tambayar ɗaya ce: in mutum ya faɗi a wuri mafi nisa a hanyarku, minti nawa kafin a kai gare shi? Ku ɗauki 'yan kabu-kabu uku ko huɗu da suka san fadamar, ku girke su a tsakiya da waya a kunne. Mota ɗaya ta tsaya a bakin kwalta mafi kusa, direba a ciki, an riga an san asibitin da za a nufa. 'Yan agaji da ma'aikacin lafiya aƙalla ɗaya su kasance a wurin gamawa. Wanda ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko ya soma faɗa ba dalili alhali jikinsa ya yi zafi rau, bugun zafi ne, ba gajiya ba ce, ba kuma iska ba ce. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita tun a wurin, sannan a ɗauke shi. Sanyayawa ce farko, rabin awar farko ita ce rai. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Mutum biyu daga cikinku su zama 'yan bayan sahu, ba sa wuce kowa, kuma a ƙidaya lambobi wurin tashi da wurin gamawa. In tamanin suka tashi, ba mai tafiya gida sai an ga tamanin. Ban da silifa, ƙaya da tsidau ba sa raga wa mai niyyar alheri.

Kan tsaro, ku tsaya kusa da birni inda kuka saba. Za a sami mai cewa a kai abin wajen duwatsu ko daji mai nisa don ya fi kyan hoto, ku ce masa a'a. Ku kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin da na sibil difens, ku sanar da ƙungiyar wasannin guje-guje ta jiha, cikakkiyar taswirar hanya kuma a ba waɗanda suka yi rajista kaɗai.

Mata za su tambaya, kuma bai kamata a bar su a baya ba. Ku ware musu tattaki na kilomita 3 a wuri killatacce, filin makaranta ko filin wasa na Giginya in an ba ku, mata 'yan'uwansu su kula da su. Ka ba uwa ko malamar Islamiyya katin nan ka ga yadda zai dawo a cike.

Duk wannan hidima, gudun Asabar ɗinku ya ci gaba yadda yake, kyauta, ba fom ba lamba. Daga cikinsa za ku sami masu hidimar baɗi, kuma wanda ya zo taron shekara ya ji daɗi, nan zai same ku sati mai zuwa. Ku tsayar da rana ɗaya da kowa zai haddace, misali Asabar ta biyu a Disamba, kada ku riƙa matsar da ita don jiran wani. In shekarar farko ta wuce lafiya kuma lissafi ya fita, ku ƙara mutum talatin ko arba'in, ba ɗari uku ba. A shekara ta uku ne kamfani zai zo da kansa, kuma lokacin kuna da takardun lissafi biyu da famfo mai aiki da za ku nuna, ku ne za ku gindaya sharaɗi.

Rajista da hukuma ma sai lokacin. Ƙungiya irin taku tana yin rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan banki zai nemi takardar SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, kafin ya buɗe muku asusun ƙungiya. Yana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa ban so ku fara da shi. Kafin nan kuna iya jingina da wata ƙungiya mai rajista da kuka yarda da ita, da yarjejeniya a rubuce cewa kuɗin famfo na famfo ne.

Abu ɗaya da za ku rubuta tun yau, kafin kwabo ya shigo, shi ne me zai faru in an fasa. Rasuwa na iya faruwa a garin da za ku ratsa, ko labarin tsaro ya canza da dare, ko ƙura ta rufe gari. Ku ba mutum biyu ikon cewa an ɗage, kuma in sun faɗa ba musu. Ku rubuta a fom cewa kuɗin sadaka zai tafi inda aka yi niyya ko an yi gudu ko ba a yi ba, kuɗin rajista kuma za a riƙe wa mutum zuwa sabuwar ranar, wanda ba zai samu zuwa ba a mayar masa da abin da ya rage bayan an cire hidimar da aka riga aka yi.